Yadda Ake Canza Sarƙar Taimin a Injin Peugeot 504

Har yanzu akwai magidanta a Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara waɗanda ba su yarda sun rabu da tsohuwar Peugeot 504 ba, motar da ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya yi shekaru yana harhaɗa ta. A injinta na fetur mai silinda huɗu, sarƙa ce take haɗa kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ta yadda idan kiranshaf ya juya sau biyu, kamshaf zai juya sau ɗaya. Idan sarƙar ta ci ta saki, bawul zai riƙa buɗewa a makare, sai mota ta rasa ƙarfi, ta yawaita shan mai, a kuma riƙa jin ƙara daga gaban inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman da sanyin safiya kafin baƙin mai ya zagaya.

A bari inji ya huce, a cire wayar batir, a juye ruwan lagireto a sauke shi, sannan a cire fanka da fanbel. A kwance fulogi huɗu domin inji ya yi sauƙin juyawa da hannu. Babban notin fulin kiranshaf yana da tauri, saboda haka a sa mota a giya, a ja birkin hannu kafin a kama shi. Idan fuli ya fita, sai a kwance murfin sarƙar.

Daga nan ne aikin yake bukatar natsuwa. Kafin a taɓa tsohuwar sarƙa, a juya kiranshaf a hankali har alamar da ke jikin ƙaramin gora mai haƙora na kiranshaf, wato faifan da sarƙa ke hawa, da wadda ke jikin babba na kamshaf su zo daidai inda littafin motar ya nuna, kuma yana da kyau a ɗauki hoton wurin da waya. Da zarar sarƙa ta fita, kada a sake motsa kiranshaf ko kamshaf, domin kuskuren haƙori ɗaya tak ya isa ya hana mota tafiya yadda ya kamata.

Abin da na fi so mai mota ya riƙe shi ne, kada ya yarda a canza sarƙa ita kaɗai don neman sauƙin kuɗi. Haƙoran da suka yi shekaru suna aiki da sakakkiyar sarƙa sun riga sun yi tsini sun karkace, kuma su ne za su cinye sabuwar tun ba a je ko'ina ba. A sayi sarƙa da goran biyu da tenshina, wato abin da ke hana sarƙa saki, a tare, sababbi, ba na gwanjo ba. Ita tenshina da ƙarfin baƙin mai take tura sarƙa, don haka a wanke ƙaramar kafar da mai yake bi zuwa gare ta, domin ƙurar hunturu irin ta ƙasar Zamfara da jinkirin juyen mai sukan toshe ta da dauɗa.

A ɗora sabuwar sarƙa bisa alamomin, a ɗaure, a saki tenshina, a shafa wa sarƙar baƙin mai. Kafin a rufe, a juya inji da sifana zagaye biyu cikakku, a duba ko alamomin goran sun dawo mazauninsu. Idan aka ji ya cije, a tsaya nan take a sake dubawa, kada a matsa masa.

A kankare tsohon gasket, a sa sabo tare da sabon oyil sil na gaban kiranshaf, a mayar da sauran kayan, a canza baƙin mai da filta. Bayan an tada mota, a bar ta a silo ta yi zafi ana sauraro, a duba yoyo a gindin murfin, sannan a sake saita wutar distibuta, tun da wataƙila an riga an karkatar da ita a baya don ta dace da tsohuwar sarƙa.