Kafin ka ɗora manhajarka a Play Store, ga abin da za ka fara shiryawa

Da yawa cikin samarinmu masu rubuta manhaja a Sakkwato, 'yan Danfodiyo da 'yan Poli, sun ɗauka in an gama kodin to an gama aiki. Ina! Sharuɗɗan da anka gindaya wa kamfani mai lauyoyi su ne dai ke hawa kanka kai da ke fama da laftof guda a ɗaki a Mabera, don haka tun kafin ka yi nisa ka fara da takardu.

Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara. Ka tanadi katin da ke biyan dala, kuma sunan da ke katin shaidarka ya zo daidai da wanda ka rubuta, in an samu Muhammad nan Mohammed can sai tantancewa ta tsaya.

Inda mutane ke shan wuya shi ne gwaji. Duk asusun mutum ɗaya da anka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 sai ya yi gwaji na rufe, wato mutanen da ka zaɓa kaɗai su gwada manhajar, kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki manhaja, da farko mutum 20 ake nema, daga baya anka mai da su 12. Kada ka tara 12 cif, tara kamar 20, don wani zai fice, wani wayarsa ta lalace, wani ma ba zai taɓa buɗewa ba, kuma Google na tambayarka mi masu gwajin sunka ce da abin da ka gyara. Ka buɗe musu guruf a WhatsApp kana bibiya, ka ajiye ƙorafinsu a rubuce. Asusun kamfani bai da wanga sharaɗi, amma sai da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar D-U-N-S ta shaidar kamfani, kyauta ake ba da lambar sai dai tana ɗaukar lokaci. Ni dai in da gaske kake wannan hanyar nake ba ka shawara, don asusun mutum ɗaya in ya fara karɓar kuɗi adireshinsa ake bajewa a shafin manhajar, wa ke son kowa ya san ƙofar gidansu?

Sai bayanan mutane. Najeriya na da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumar NDPC ke kula da ita, Google kuma na da fam ɗinsa da za ka cika ka faɗi mi kake ɗauka. Kada ka kwafo takardar sirri ta wani, wato wadda ke faɗa wa mutane yadda ake amfani da bayanansu, ka rubuta gaskiyar abin da manhajarka ke yi, har da abin da kodin talla ke kwasa a bayan fage. In ana buɗe asusu a manhajar dole ka sa hanyar goge shi. Manhajar ba da bashi kuwa sai da amincewar FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma an hana ta leƙa lambobi da hotunan waya.

Kason Google a abin da ka sayar ta Play Store kashi 15 ne cikin ɗari a dala miliyan ɗaya ta farko a shekara, ka lissafa shi cikin farashinka. Kuma ka riƙa duba imel ɗin asusun, kusan duk ƙarshen Agusta akwai wa'adin sabunta manhaja zuwa sabon Android, wanda bai yi ba masu sababbin wayoyi sun daina ganin tasa.