Darasi na Tara: Kaye da Alƙalamin Tawada

A ajin manya a nan Tawa, yawancinmu da bik muka fara rubutu. Amma akwai masu zuwa da alƙalamin tawada, mai bakin ƙarfe. Wani ɗansa ne ya aiko masa daga Yamai, wata kuma a kayan mahaifinta ta same shi. Kukansu ɗaya ne: rubutu ya baje, bayan shafi ya ɓaci. Sai a ce alƙalamin ba shi da kirki, a jefa shi cikin akwati. Sau da yawa kuwa laifin takarda ne.

Tawadar bik mai kauri ce, da maiƙo a cikinta, tana zama inda aka ajiye ta ko a kan wace irin takarda. Tawadar wannan alƙalami kuwa kusan duk ruwa ce. Takarda kuma da zaren itace ake yin ta, zaren nan yana shan ruwa. Don haka masu yin takarda suke sa mata sitaci da wasu sinadarai, su kuma danne fuskarta ta yi sumul. In an sa isasshe, tawada takan tsaya a sama ta bushe. In an yi rowarsa don a rage kuɗi, sai ta nutse. Ku tuna ruwan da aka zuba a kan daɓe da wanda aka zuba a kan yashi.

Ku ɗauki kayenku, wato littafin rubutunku, ku dubi bangon gaba ko na baya. A wasu za ku ga lamba tare da harafin g: 56, 60, 70 ko 90. Wannan nauyin takarda ne, wato giram nawa take yi in an auna faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Takardar fotokofi da aka saba gani 80 ce. Kaye mai 56 ko 60 sirara ce takardarsa, ya fi araha, kuma da bik ba shi da matsala ko kaɗan. Mai alƙalamin tawada ya nemi 80 ko 90 in aljihu ya yarda. Sai dai kada ku riƙe lambar nan kamar ita ce komai. Akwai takarda mai kauri da ke shan tawada, akwai sirara da ke riƙe ta da kyau. Gwaji ne ke raba gardama.

Ga yadda ake yin sa. Ku buɗe shafin ƙarshe, ku rubuta sunanku da na unguwarku. A ƙasa ku ja layi ɗaya a hankali, sa'an nan ku ɗora bakin alƙalami wuri guda ku ƙidaya zuwa uku. Yanzu ku kawo shafin kusa da ido, wajen haske. Gefen harafi a tsaftace yake, ko kuwa ya fitar da ƙananan gashi? In akwai gashin, cikin harafin a da na e zai cike, har ku kasa bambanta su, kuma ga mai koyon karatu wannan ba ƙaramar cuta ba ce. Ku juya shafin. In inuwar rubutu kawai kuke hangowa, babu damuwa, ana iya rubutu a kai. In kuwa ɗigo-ɗigon tawada ya ratso, to kaye mai shafi 100 ya koma mai 50 ke nan, tunda fuska ɗaya za ku mora. Arahar ta tashi a banza.

Takarda mai kyau ma tana da nata hali: tawada takan jima ba ta bushe ba. Ku ƙidaya zuwa goma kafin ku juya shafi, musamman masu rubutu da hagu da masu rubutun ajami, don hannu kan bi ta kan abin da aka rubuta. Ku sa wata ƴar takarda ƙarƙashin hannu, domin zufa da maiƙon fata suna hana tawada kamawa.

A kasuwa ba za a bar ku ku yi rubutu a kayen da ba ku biya ba, wannan gaskiyar mai kanti ce. Ku ce: "Alhaji, ba ni ɗaya tukuna in gwada. In ya karɓi tawada, zan dawo in ɗauki sauran." Kafin ku biya, ku shafa shafin da yatsa, ku ɗaga shi sama. Wanda ya yi kaushi, ko layukan bayansa suke fitowa sarai, ku bar wa mai bik. In kuma kun riga kun sayi marar kyau, alƙalami mai siririn baki, wanda aka sa wa harafin F, ba ya zubar da tawada da yawa kamar mai matsakaicin baki, wato mai harafin M, zai rage ɓarnar.

Yanayinmu ma yana sa hannu. Da hunturu, iska kan busar da bakin alƙalami nan da nan, ku riƙa rufe shi ko da ɗan tsayawa kuka yi. A zafin Afrilu da Mayu kada ku bar shi a rana, iskar da ke ciki takan kumbura ta turo tawada waje. A aljihu, bakinsa ya dubi sama.

Abu ɗaya nake roƙon ku da shi. Kada ku zuba masa tawadar allo. Tawada ce mai daraja, amma ta alƙalamin kara ce. Gawayi da ƙaron da ke cikinta za su toshe siririyar hanyar da tawada ke bi, da wuya kuma ta sake buɗewa. Haka nan masu rubuta bashi da kuɗin adashi su sani, yawancin tawadar kwalba ruwa yana wanke ta. Littafin lissafi ya zauna cikin leda da damina, ko a rubuta shi da bik.

Aikin gida: ku samo takarda iri uku, shafin kaye, takardar fotokofi da gefen tsohuwar jarida. Ku rubuta wannan jimla a kan kowace: "Na sayi gero tiya biyu a kasuwar Tawa." Ku duba gaba da baya, ku jera su daga wadda ta fi riƙe tawada zuwa wadda ta fi sha, ku zo da su aji na gaba.