Yadda mai aiki a rana zai kare kansa daga zafin Legas

Mutumin da ya taso a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yakan raina zafin Legas idan ya ji an ce digiri 33 ne kawai. Wannan rainin shi ne yake kayar da 'yan dako a kasuwar Mile 12 da masu tura baro a Agege. Zafin Arewa busasshe ne, da gumi ya fito iska za ta shanye shi jiki ya huce. A Legas kuwa iskar da ke tasowa daga teku cike take da danshi, saboda haka gumi yakan yi ta kwarara a banza, riga ta jiƙe sharkaf, amma zafin yana nan a jiki. Abin ya fi tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin damina ta kankama.

Mataki na farko shi ne ka tsara lokacin aikinka. Sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa ya fi dacewa da bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Idan aikin ba ya jira, to daga ƙarfe 12 zuwa 4 ka riƙa fakewa a inuwa na minti 10 ko 15 a kowace awa. Baƙon da bai daɗe da saukowa daga Arewa ba ya sani cewa jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, don haka kada ya yi gasa da 'yan gari tun ranar farko.

Na biyu, ka sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Mai aikin ƙarfi a rana yana bukatar ledar ruwa ɗaya kusan duk minti 40, kuma fitsarinsa ne zai faɗa masa gaskiya: idan ya yi kaɗan ya koma ja-ja, ruwan jiki ya ja baya. Tun da gumi yana fita da gishiri, ranar da ka yi zufa sosai ka haɗa ruwan gishiri da sukari. Ledar ruwa biyu lita ɗaya ke nan. Ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka motsa, ka riƙa kurɓa. Ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin ledar, ka kuma kiyayi ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, domin kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024 ba a manta da ita ba. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya ya bi ƙa'idar da likita ya gindaya masa game da yawan ruwa da gishiri.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin waɗannan watanni na zafi. Kada mai azumi ya tara ruwansa duka a buɗa baki. Ya raba shi daga magariba har sahur, ya haɗa da kankana ko lemon zaƙi, ya kuma rage shayi mai kauri da sahur.

Na uku, tufafi. Riga mai sako-sako ta auduga mai hasken launi ta fi yadin roba, wanda yake riƙe gumi ya haifar da ƙuraje. Malfa ba abin kunya ba ce a birni. Idan za ka shiga danfo, wato bas ɗin haya, ta Oshodi ko gadar Third Mainland, ka riƙe ruwa, domin cunkoso ba ya sallama. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da na minti biyar ne.

Na huɗu, ka san alamun haɗari a kanka da abokan aikinka. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala da murɗawar jijiyar ƙafa suna nufin a daina aiki nan take, a koma inuwa, a sassauta tufafi, a sha ruwan gishiri da sukari. Idan kuwa mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma jikinsa zafi rau, lamarin ya wuce hutu. A kwantar da shi a gefensa, a kwara masa ruwan sanyi, a yi ta masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hamata da matsematsi, wani kuma ya kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na jihar Legas. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, kada kuma a dogara da farasitamol, domin ba ya saukar da irin wannan zafi. A ci gaba da sanyaya jikinsa har a isa asibiti.