Kafin ka sa hannu a kan intanet ɗin gida a Ingila

Mu da muka saba da sayen data a waya, lissafinmu mai sauƙi ne: ka sayi giga biyar, ta ƙare, ka sake saye ko ka haƙura. A Ingila intanet ɗin gida kusan duk ba shi da iyakar data, ka kwana kana kallo ba wanda zai ce maka ta ƙare. Abin da ke ɗaure mutum shi ne kwantiragi, yawanci na wata 18 ko 24, kuma nan ne sababbin zuwa suka fi yin asara, ba wajen zaɓen rauta (na'urar da ke watsa wayfai a cikin gida) ba. Ita rautar ma kamfani ne zai aiko maka da ita ta gidan waya.

Don haka ɗan'uwa, fara duba takardar hayarka. Idan gidan haɗaka ne, kowa da ɗakinsa, sau da yawa kuɗin wayfai yana cikin haya, lambar sirri kawai za ka tambaya. Idan kuwa babu, kada ka yi saurin cewa a sa da sunanka a riƙa tattara maka kuɗi. Ran da abokan zama suka watse, kai kaɗai kamfani ya sani, kuma bashin da ba a biya ba yana shiga tarihin bashinka, wanda za a duba ran da ka nemi wani gidan ko mota. Sannan kaɗan ne cikinmu ke shekara biyu a gidan farko. Ana iya tashi da kwantiragi zuwa sabon gida idan kamfanin yana da layi a can. Idan ba shi da shi, wasu sukan yafe, wasu sai ka biya kuɗin fita kafin wa'adi, wanda kan kai kusan kuɗin watannin da suka rage.

Shawarata ga wanda bai zauna da gindinsa ba ita ce rauta mai aiki da sim, ta 4G ko 5G, irin wadda kamfanin Three da wasu ke bayarwa, har da ta wata-wata. Ba injiniya, ba huda bango, ba neman izinin mai gida. Ka jona ta a soket, ran tashi ka sa ta a jaka. Sai dai ƙarfinta ya danganta da sabis ɗin unguwar, kuma da daddare takan yi sanyi. Wanda ya zo da ƙaramar rautarsa daga Kano ko Kaduna ya gwada ta tukuna, don da yawansu a kulle suke, sim ɗin kamfanin da ya sayar da su kaɗai suke karɓa.

In ka samu wurin zama na dindindin, sai ka sa foskod ɗinka, wato lambar adireshin unguwarku, a shafin kamfanoni ka ga wa ke da layi a titinku. BT, Sky, TalkTalk da Plusnet galibi layi ɗaya suke hawa, na kamfanin Openreach, shi ya sa bambancinsu ya fi yawa a farashi da yadda suke amsa waya idan abu ya lalace. Virgin Media nata layin daban ne. A wasu benaye akwai Hyperoptic, a Landan kuma akwai Community Fibre. Za su yi ta kwaɗaita maka mega 500 ko 900, wato saurin layin a kowace daƙiƙa, ba yawan data ba. Ni dai ban ga amfaninsa ga iyali mai mutum huɗu ba. Netflix da kanta mega 15 take nema don hoto mafi kyau, kiran bidiyo na WhatsApp zuwa gida kuwa bai kai haka ba, kuma idan hoton Hajiya yana tsayawa, mafi yawa matsalar daga can ce. Mega 70 zuwa 150 ya isa.

Ka san haƙƙinka. Abin da ka saya ta waya ko intanet kana da kwana 14 na fasawa. Tun watan Janairun 2025 hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta wajabta wa kamfanoni su rubuta ƙarin kuɗin da za su yi a tsakiyar kwantiragi da fam da fene tun ranar sa hannu, to ka nemi wannan layin ka karanta. Tun Satumbar 2024 kuma, idan za ka sauya kamfani, sabon kaɗai za ka yi wa magana, shi zai sallami tsohon. Ka rubuta ranar ƙarewar wa'adinka, don washegari farashi ke tashi, kuma kira ɗaya kan sauko da shi.

Inda aka ajiye rauta ya fi alamar da ke jikinta tasiri. Tsofaffin gidajen jere na Manchesta da Bamingham bulo ne mai kauri, sigina ba ta ratsa shi da daɗi. Kada a cusa ta bayan talabijin ko cikin kabad don wai tana ɓata ado, kada kuma a ajiye ta ƙasa ko kusa da na'urar ɗumama abinci. A ɗora ta sama, a fili, kusa da tsakiyar gida. Tana watsa zango biyu: 5GHz ya fi sauri amma ba ya nisa, 2.4GHz ya fi ratsa bango. Idan ɗakin sama ya ƙi samu, kafin ka sayi komai tambayi kamfani ko suna ba da ƙaramar na'urar faɗaɗa sigina. Kuma a bar ta a kunne dare da rana. Wutar da take sha kaɗan ce, sannan a tsofaffin layuka yawan kashewa kan sa na'urar kamfani ta ɗauka layin na da matsala ta rage sauri.

Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da baƙi, ranar Sallah ko suna kowa zai ce a ba shi lambar wayfai. Idan rautarka tana da layin baƙi, buɗe shi da lambarsa daban. Masu yara su kunna matatar shafukan banza da manyan kamfanonin ke bayarwa kyauta. Kallon talabijin kai tsaye ta intanet, ko BBC iPlayer, yana buƙatar lasisin talabijin, kuɗin wayfai bai ɗauke shi ba.

Kwalin da rautar ta zo a ciki, adana shi. A wurin kamfanoni da yawa aro ce, ran da ka bar su za su ce ka mayar ko su caje ka. Ka kai ta gidan waya, ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa a wayarka.