Yadda ake canza wa tsiro mai tulu tukunya ba tare da an karya saiwarsa ba

Tsiron nan mai tulu da ke cin ƙwari, Nepenthes, saiwarsa baƙa ce siririya kamar gashi kuma ba ta da yawa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ta ruɓe ne ya sa mata almakashi. A'a, haka halittarta take. Dabarar aikin duka ita ce ka rage taɓa ta.

Duk shekara 2 ko 3 ya isa a canza, ko in ka ga abin da ke cikin tukunyar ya narke ya zama caɓi yana wari, ruwa ya daina wucewa. In Sarracenia gare ka, wani irin tsiro mai tulu daban, 'yar Amurka ta Arewa, ka bari sai ƙarshen lokacin sanyi tana barci, kafin sabon ganye ya fito.

Da farko ka jiƙa gansakukar sfagnum ka cuɗa ta da farlait, farin tsakuwar nan marar nauyi. Ban da taki, ban da ƙasar lambu, ko kaɗan fa, don ƙona saiwar suke. Ruwan ma na sama ne ko wanda aka tace ta hanyar tururi, na famfo yawanci gishirinsa ya yi yawa. Tukunya ta roba mai huji a ƙasa, wadda ta ɗan fi tsohuwar girma kaɗan.

Ka shayar da tsiron kwana ɗaya kafin aikin. Sai ka mammatsa gefen tukunyar, ka sa karan tsakanin yatsunka biyu ka kifa ta a tafin hannu, ya sulluɓo da kansa, kar ka ja shi ta kara, in ya ƙi fita gara ka yanka robar, tukunya dai ana sayen wata. Tsohuwar gansakukar da ta zube da kanta shikenan, wadda ta maƙale a saiwa ka ƙyale ta, ni ban ga amfanin wankewa ba sai in akwai ruɓa.

Ka zaunar da shi a sabuwar tukunyar daidai zurfinsa na da, ka cike gefe da haɗin nan sako-sako, ban da dannawa. Ita Sarracenia kar ka binne saman kututturenta.

Ka zuba ruwa har ya ɗigo, ka ajiye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye na sati biyu haka. Tulunan da ruwansu ya zube ka ɗan sa musu kaɗan. Wasu za su bushe duk da haka, kar ka sake tono shi don dubawa, kan sabon ganye za ka riƙa kallo.