Matakan Koya wa Yara Yadda Ake Gina Jarumi da Dodo a Labari

Malaman firamare da dama a nan Gombe sun sha tambayata yadda nake gudanar da wannan darasi, don haka ga matakan:

1. Ku ba yaran labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a.

2. Ku tambaye su abin da jarumin yake buƙata.

3. Ku rubuta ayyukansa a allo, kamar fita da dare da ya yi ɗauke da guga.

Hattara: a nan yara sukan tsaya ga cewa "yana da ƙarfi". Kada ku karɓa sai sun nuna aikin da ya tabbatar da hakan, domin da aiki mai labari yake gina jarumi.

4. Ku tambaye su abin da ya sa mutanen gari suke tsoron macijin, alhali ba a cika bayyana kamanninsa ba.

5. Kowane yaro ya ƙirƙiri dodonsa.

6. Ya ba dodon rauni guda, ko kwaɗayi ko wauta, wanda mai wayo irin Gizo zai iya amfani da shi.

7. Ya karanta wa aji.