Kurakuran da ke kashe zanen barkwanci

Zanen barkwanci na rayuwar yau da kullum a wuri ɗaya yake samun dariya: baki ya faɗi abu, ido ya ga akasinsa. Mutum na kwance a katifa da singileti, waya a kunne, yana cewa "Ga ni nan tafe, gosulo ne ya riƙe ni." An gama.

Amma sabon mai zane ba ya iya tsayawa nan. Sai ya ƙara akwati, wato wani gidan hoto na gaba, ya sa matar gidan ta leƙo tana cewa "Kai Malam, ai ƙarya kake yi!", ko ya rubuta a ƙasa "Halin mutanenmu ke nan." Wa ya tambaye ka? Mai karatu ya ga katifar, ya ga silifas a bakin ƙofa. Daɗin abin shi ne shi da kansa ya kama maƙaryacin, kai kuma ka ƙwace masa. In akwati huɗu za ka yi, na farko ya nuna mutumin, na biyu da na uku su sa a yarda da shi, na huɗu ya tona asiri, a rufe. Alhajin da ya yi akwati uku yana ja-in-ja da mai tumatir kan naira 50, a na huɗu a gan shi yana liƙi a gidan biki, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ni dokata: na rufe maganar akwatin ƙarshe da yatsa. In har abin na ba da dariya, na goge ta.

Kuskure na biyu shi ne zana mutane tukuna, sannan a nemi inda za a cusa magana. Nan ne rubutu ke ƙanƙancewa, ko da'irar magana, wato zagayen da ake rubuta abin da mutum ya faɗa a ciki, ta rufe hular mutum. Fara da rubutun da fensir, ka zagaye shi, ka bar sulusin saman akwati dominsa, sannan zane ya biyo, tawada daga ƙarshe. Kada da'ira ɗaya ta wuce kalma 12. Kuma a waya za a karanta, ba a takardar A4 ɗinka ba. Tura hoton ta WhatsApp zuwa wayarka ka duba, domin yana matse hoto, siririn layi ya dushe. In sai an buɗa da yatsu biyu kafin a karanta, sake rubutun. Alƙalami mai kaurin baki milimita 0.5 ya fi mai 0.1 jure wannan.

Wanda ya fara magana ya tsaya a hagu, in ba haka ba za a karanta amsa kafin tambaya. In a kwamfuta za ka yi rubutun, duba ko salon haruffan da ka zaɓa yana da ƙ, ɗ da ɓ, kar ƙasa ta koma kasa. Fuskoki kuma kada su zama 'yan uwa ɗaya: ba wannan gemu, wancan tumbi, waccan ɗaurin ɗankwali da za a gane ta daga nesa.